Saita Burauzarka da Hannunka: Sirri, Mega da Mutunci a Wayar Salula

Laccar da aka gabatar a garin Magarya, jihar Damagaram



Shugaban wannan zama, wakilan hukuma, iyayenmu sarakuna da malamai, malaman makarantun boko, iyayenmu mata da suka cika sahun gaba, ƴan kasuwa, ɗalibai, da ƴan'uwanmu da suka yi sammako daga Dungas, Dogo-Dogo, Malawa, Bande, Yekuwa da Sasumburum, barkanku da zuwa, sannunku da hanya. Ina godiya ga matasan Magarya da suka shirya wannan taro, suka kuma ga dacewar a ba ni dama in tsaya gabanku. Allah Ya saka musu da alheri.

An nemi in yi magana a kan burauza, wato manhajar da muke buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome, Opera Mini, Phoenix da Firefox, da yadda mutum zai saita ta don ta rufa masa asiri, ta rage masa cin mega, ta kuma yi masa aikin da yake so. Maganata duka a kan abu guda ta tsaya. Duk burauzar da ke cikin wayarka, wani ya riga ya saita ta kafin ta iso hannunka, kuma yadda za ta amfane shi ya saita ta. Muddin ba ka gyara ba, da saitinsa kake tafiya. Zan kawo batutuwa bakwai. Duk mai waya a aljihu ya fiddo ta ya riƙe, domin wasu abubuwan tare za mu taɓa su tun kafin mu tashi.

Na ɗaya: wa ya saita maka ita?

Ku ɗauki burauza kamar yaron da kuke aika kasuwa. Yana zuwa ya kawo saƙo, amma yana riƙe da duk rumfar da ya tsaya a kansa, kuma a kowace rumfa ana tambayarsa: wa ya aiko ka, ina gidansa, me ya saya jiya? Saiti shi ne gargaɗin da kake yi wa yaron kafin ya fita: wannan ka faɗa, wannan ka yi shiru, wannan rumfar kada ma ka tsaya.

Kada ku ɗauka saitin da waya ke zuwa da shi ƙaramin abu ne. A wata shari'a da gwamnatin Amurka ta yi da kamfanin Google a birnin Washinton, ya fito fili cewa a shekarar 2022 kaɗai Google ya biya kamfanin Apple dalar Amurka biliyan 20, don dai ya zama shi ne injin binciken da ke zuwa a saite cikin burauzar wayoyin iPhone. Wannan kuɗi ya zarce duk arzikin da Nijar ta samar a waccan shekarar. A watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike ba bisa doka ba. To, me zai sa kamfani ya zuba wannan dukiya a kan abin da kowa zai iya canzawa da ƴan taɓe-taɓe? Domin sun san yawancin mutane ba sa taɓawa. Kuma kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin da Google ke samu daga talla suke fitowa, talla kuwa ba ta tsada sai an san wanda ake yi wa ita.

Wayoyin da suka fi yawa a hannunmu, Tecno da itel da Infinix, duk na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen a ƙasar Sin. Da yawansu suna zuwa da Chrome da Phoenix a ciki, kowace da nata saitin, da labarai da tallace-tallacen da take turowa. Ba na cewa masu wannan sana'a mugaye ne. Ƴan kasuwa ne, suna neman ribarsu. Kai ma sai ka nemi taka.

Ga ƙofar: a Chrome, ɗigo uku ne a sama ta hannun dama. Ka taɓa su, ka gangara zuwa Paramètres. In wayar daga Kano ko Maigatari ta zo da Ingilishi, Settings za ka gani. Rubutun yakan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma wuraren iri ɗaya ne.

Na biyu: yatsan da ke saurin danna Autoriser

Nan ne mafi yawan ɓarnar da nake gani take shigowa. Bari in ba ku hoton da na tabbata wasunku sun taɓa ganin irinsa. Dattijo ne mai mutunci yana zaune a majalisa bayan La'asar, wayarsa tana ajiye kan tabarma. Sai ta yi ƙara, fuskarta ta haskaka, ga hoton mace ba sutura, ko tallar caca. Na kusa da shi ya gani ya kau da kai. Dattijon ya kife wayar, gumi ya karyo masa, yana rantsuwa bai taɓa neman wannan abu ba. Kuma gaskiya yake faɗa. Jikansa ne ya ari wayar da daddare zai kalli wasan kokawa, wani shafi ya fito da ɗan akwati mai amsa biyu, Autoriser da Bloquer, yaron ya danna ta farko don a bar shi ya wuce.

Me ya faru a nan? Shafin ya nemi izinin turo sanarwa, an ba shi. Daga ranar yana da ikon aiko saƙo kan fuskar wayar dare da rana, ko da ba a sake buɗe shi ba. Wasu shafukan ma yaudara suke yi: su ce ka danna Autoriser don ka nuna kai mutum ne ba na'ura ba, ko don fim ya fara. Wasu kuma bayan sun samu izinin sai su riƙa turo maka jan rubutu cewa ƙwayar cuta ta shiga wayarka, ka yi maza ka sauke magani. Maganin nan shi ne cutar.

Yanzu ku buɗe tare da ni. Paramètres, sai Paramètres des sites, sai Notifications. Ku duba jerin shafukan da aka ba izini. Akwai wanda ya ga sunan da bai sani ba? Na ga hannuwa da yawa, har a sahun malamai. Kada kowa ya ji kunya, ba laifinku ba ne. Ku taɓa kowane suna ku cire masa izinin. Wanda ba ya bukatar sanarwa daga kowane shafi, ya kashe abin gaba ɗaya, ba zai rasa komai ba, saƙonnin WhatsApp da kiran waya ba ta nan suke bi ba.

A wannan wurin dai za ku ga izinin sanin inda kuke, da na kyamara, da na makirfo. Ku tambayi kanku: shafin da na shiga don in karanta labari, me zai yi da sanin unguwar da nake kwana? Ka'idar mai sauƙi ce. In shafi ya nemi abin da aikinsa bai bukata ba, amsar ita ce Bloquer. Masu Phoenix da Opera Mini su ma su shiga saitinsu, akwai inda ake kashe sanarwar labarai.

Na uku: hannuwan da wayarka ke bi

Idan ana maganar sirri a intanet, hankalinmu yakan tafi ga wani ɓarawo a wata ƙasa mai nisa. A ƙasar Magarya da Dungas, wanda ya fi kusa da sirrinka yana cikin garinku. Wayarmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Tana yini a teburin mai caji, tana kwana wurin mai gyara, mai tura waƙoƙi da fina-finai yana karɓar ta, ƙane yana ara, yara suna wasa da ita. Maigida ya tafi ci-rani Kano ko Libiya ya bar wa iyali waya guda, kowa da ita yake jin muryarsa.

Abu na farko shi ne asusun Google. Nawa ne a cikinku suka buɗe nasu da hannunsu? Yawanci ranar da aka sayi waya, mai shago ne ke karɓa ya buɗe adireshin Gmail, ya zaɓi kalmar sirri, ya miƙo waya ya ce an gama. Taimako ya yi, amma mabuɗin yana hannunsa. Wani ma don sauri asusunsa yake saka wa duk wanda ya saya. Chrome kuwa, in an haɗa ta da asusu, tana iya kwashe tarihin shafukan da ka shiga da kalmomin sirrin da ka ajiye ta kai su cikin asusun. Duk wanda ya buɗe asusun nan a wata waya zai gan su. Saboda haka ka duba sunan da ke saman Paramètres. In ba naka ba ne, ka fita daga ciki ka buɗe naka. In naka ne amma wani ya san kalmar, ka canza ta yau, ka saka lambar wayarka don dawo da asusun in ka manta, sannan ka duba jerin na'urorin da ke ciki ka kori baƙi.

Abu na biyu, kulle fuskar waya. Burauza tana yawan tambayarka ko ta ajiye maka kalmar sirri. Wannan yana da amfani ga wanda wayarsa ke kulle da lamba ko zanen yatsa. Ga wanda tasa ke buɗe kuwa, duk wanda ya ɗauka ya shiga Facebook ɗinsa ba tare da an tambaye shi komai ba. Kuma don Allah a daina saka shekarar haihuwa ko 1234.

Abu na uku, shafin sirri, wanda Chrome ke kira Navigation privée. Ku fahimci iyakarsa da kyau. Abin da yake yi shi ne, in ka rufe shi, ba ya barin tarihi a cikin wayar. Wannan ya dace da wayar aro, da macen da ke son karanta bayani kan juna biyu ko wata lalura ba tare da yaran gida sun gani ba. Amma kamfanin layinka yana iya sanin shafin da ka je, shafin ma yana ganin ka, kuma abin da ka sauke yana nan cikin waya. A 2020 wasu Amurkawa sun kai Google kotu cewa yana tattara bayanansu ko suna cikin wannan shafi. A 2024 aka sasanta, kamfanin ya yarda zai goge biliyoyin bayanai, ya kuma gyara bayanin da yake nunawa. In masu karatun can sun ruɗu, mu ma sai mu kula.

Ɗalibanmu da ke shiga kwamfutar shagon buga takardu don cike takardun jami'ar André Salifou ta Damagaram ko neman tallafin karatu, ku yi amfani da shafin sirri, kuma kada ku tashi sai kun fita daga asusunku. Wanda zai sayar da tsohuwar waya kuma, ya cire asusunsa, ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani kafin ya miƙa.

Na huɗu: masu bin sawu daga nesa

Mai noman rani a fadamun Korama ya shiga intanet ya duba farashin injin ban ruwa. Kwana biyu, duk shafin da ya buɗe sai tallar injin ta tare shi. Wa ya gaya musu? Amsar tana cikin wasu ƴan ƙananan bayanai da ake kira kukis, waɗanda shafi ke ajiyewa a cikin burauzarka don ya gane ka in ka dawo. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ya ƙirƙiro su a kamfanin Netscape a 1994, kuma da niyya mai kyau: su ne ke sa shafi ya tuna ka riga ka shiga, ba sai ka sake rubuta kalmar sirri a kowane taɓi ba.

Matsalar ta zo ne da kukis na baƙi. Shafin da ka buɗe yakan ɗauko talla ko maɓalli daga wani kamfani dabam, wannan kamfanin ma ya ajiye nasa. Da yake yana cikin dubban shafuka, sai ya haɗa sawunka: jiya ka duba injin, yau maganin basir, gobe kuɗin mota zuwa Agadas. In injin ban ruwa ne, da sauƙi. In ciwon da ko ɗan'uwanka ba ka gaya wa ba ne fa? Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Firefox ta fara toshe irin waɗannan masu bin sawu da kanta tun 2019, Safari ta wayoyin iPhone ma tana toshe su. Google ya yi alkawari a 2020 cewa zai cire su daga Chrome, ya yi ta ɗagawa, a 2024 ya ce ya fasa. Ke nan mai Chrome shi zai toshe da hannunsa: cikin Paramètres, a nemi Cookies tiers, a zaɓi toshewa. Nadiran wani shafi zai ƙi aiki sosai, sai ka ba shi izini shi kaɗai.

Akwai kuma akwatin da ke tare ku a shafukan Faransa da sauran Turai, yana tambaya ko kun yarda da kukis. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayun 2018 ce ta ƙarfafa wannan tambaya. A watan Janairun 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta sanar da tarar Yuro miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook. Laifinsu? Sun sa amincewa ta zama taɓi ɗaya, ƙi kuwa sai an sha wuya. Don haka in kun ga Tout refuser, ku danna ba tare da fargaba ba. Haƙƙinku ne, kuma shafin zai buɗe a mafi yawan lokuta.

Mu mutanen bakin iyaka muna da wata shaida a hannu. Wanda ke Tinkim ko kudancin Dungas da layi biyu a waya ya sani: in ya hau da Airtel ko Moov ko Zamani na Nijar, talla da Faransanci take zuwa, in ya juya kan MTN sai ta koma Ingilishi da farashin naira. Bai gaya wa kowa inda yake ba, layin ne ya nuna ƙasar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku ana lura.

Na biyar: karanta adireshi kafin ka miƙa komai

Kowa a nan ya taɓa samun saƙon nan a zauren WhatsApp: ana raba mega kyauta, ko gwamnati na ba da tallafi, ko wata ƙungiya na ɗaukar ma'aikata, ka danna nan, ka tura wa mutum ashirin. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Shafin zai fito da tambarin kamfani ko tutar ƙasa, ya nemi sunanka da lambarka, daga nan ya nemi lambar sirrin asusun kuɗinka ko lambobi shida da WhatsApp ya turo maka. Yanzu da kuɗin ci-rani ke zuwa ta NITA da Amana da Airtel Money, ƴan kasuwarmu da ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis kuma suna da OPay ko Moniepoint, abin da ke cikin waya ya wuce hira. Kuɗin saniya ne, kuɗin takin bana ne.

Tambari kowa na iya kwafa. Adireshi ne ba a iya kwafa daidai. Ku dubi layin da ke saman burauza, ku karanta har zuwa inda karkatacciyar sanda ta farko take. Abin da ke dab da ita ta hagu shi ne ainihin mai shafin. Shafukan ma'aikatun gwamnatinmu galibi da gouv.ne suke ƙarewa, na Najeriya da gov.ng. In an rubuta sunan hukuma a farko, amma ƙarshen wani baƙon suna ne mai tarin haruffa da lambobi, ka rufe.

Wani zai ce, ai na ga alamar kwaɗo, an ce in akwai ta shafin lafiya lau ne. Kwaɗon nan abu ɗaya yake nufi: hanyar da ke tsakaninka da shafin a rufe take, na tsakiya ba zai karanta ba. Bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba, macuta ma suna da shi. Wannan ruɗani ne ya sa Chrome ta sauya alamar a 2023. Duk da haka, shafin da aka rubuta wa Non sécurisé kada ka saka masa kalmar sirri ko kaɗan.

A cikin Paramètres, ƙarƙashin Confidentialité et sécurité, akwai Navigation sécurisée. Ku tabbata a kunne take. Ita ce ke fito da jan shafi ta ce gaba akwai haɗari, kuma in ta faɗa, a koma baya. Haka in shafi ya ce ka sauke wata manhaja kai tsaye daga wurinsa, musamman irin WhatsApp ɗin nan da aka yi wa kwaskwarima, ka ƙi. Sannan a riƙa sabunta burauza. Na san mega ake ji, amma kowane sabuntawa yana toshe ɓarakar da aka gano, kuma ɓarayi sun fi son tsohuwar da ba a toshe ba.

Na shida: sa ta yi maka aiki, ta rage cin mega

Saiti ba tsaro kaɗai ba ne, har da sauƙi. Wanda ya sayi mega na dala ɗari ya ga sun ƙare kafin ya gama abin da ya hau yi, yana da haƙƙin ya san inda suka tafi. Wani kaso talla ce ta cinye, da bidiyon da ke kunna kansa. Wani kason kuma Chrome ce ke ɗauko shafukan da take zaton za ka buɗe tun ba ka nema ba. Ana kashe wannan a wurin da aka rubuta Précharger les pages. Chrome ta taɓa samun tsarin rage cin data, amma ta cire shi a 2022.

Opera Mini, wadda ta samo asali daga ƙasar Norway, an gina ta ne don irin rezonmu. Takan kai shafin wurin na'urorin kamfanin a matse shi, sannan a turo maka, kuma tana da abin toshe talla a cikinta. A ƙauyen da rezo ke zuwa yana ɗaukewa, babu kamarta wajen karanta labarai. Sai dai ku riƙe wannan: a matakin matsewa mafi tsanani, shafin a wurinsu ake buɗe shi kafin ya iso gare ka. Don haka harkar kuɗi a yi ta cikin manhajar kamfanin kuɗin, kada a yi ta nan. Mai son toshe talla sosai kuma yana iya gwada Brave, ko Firefox da ƙarin da ake kira uBlock Origin. Ba laifi mutum ya riƙe burauza biyu, kowace da aikinta.

Ga malamai da ɗalibai: in kun samu rezo mai kyau a cikin gari, ku taɓa ɗigo ukun nan, ku danna kibiyar da ke kallon ƙasa. Shafin zai sauka cikin waya, ku karanta shi a ƙauye ba tare da ko mega ɗaya ba. Ga iyayenmu da ido ya fara rauni, a cikin Accessibilité ana ƙara girman rubutu, kuma ɗan da ya yi wa mahaifinsa wannan ya yi aikin lada. Ga wanda Faransanci ko Ingilishi ke ba shi wuya, Google ya saka Hausa cikin harsunan fassararsa tun 2013, kuma ana iya sa Chrome ta juya shafi zuwa Hausa. Fassarar tana taimakawa wajen gane inda magana ta dosa, amma kada a sha magani ko a sa hannu kan takarda da ita kaɗai, a nemi wanda ya iya.

Na bakwai: doka da amana

Ƙasarmu ba ta bar wannan fage haka ba. Tun 2017 Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane, aka kafa hukumar HAPDP don kula da ita, aka kuma sabunta dokar a watan Disamban 2022. Akwai dokar laifukan intanet ta 2019. Maƙwabciyarmu Najeriya ma ta yi tata dokar kare bayanai a 2023. Ya kamata kowa ya san cewa sunansa da hotonsa da lambarsa suna da kariya a doka, kuma wanda aka cuta yana da inda zai kai kuka. Amma tsakaninmu da Allah, in hoton ƴar mutum ya riga ya zaga zaurukan WhatsApp na gari, wane hukunci ne zai dawo da shi? Shi ya sa na tsaya kan rigakafi.

Ina da kira ga masu gyaran waya, masu caji da masu tura fina-finai, kuma na ga da yawanku a nan. Ku ne malaman wannan fanni a garuruwanmu, wurinku ake zuwa kafin a je wurin kowa. Wayar da aka miƙo muku amana ce. In kun buɗe wa mutum asusu, ku ba shi wayar ya rubuta kalmar sirrinsa da kansa, ku kau da kai. In bai iya rubutu ba, ya zo da ɗansa ko wanda ya yarda da shi. Mai sana'ar da aka san shi da wannan hali ba zai rasa ciniki ba.

Kuma abin da muka koya yau ba makamin leƙen asirin juna ba ne. Wanda ya san inda tarihin burauza yake, kada ya mai da shi hanyar binciken matarsa ko mijinta ko abokinsa. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana mu bin diddigin asirin juna, malamanmu da ke zaune a nan sun fi ni sanin bayaninta. Yara ƙanana kuwa hukuncinsu dabam, kula da su wajibi ne a kan iyaye. Akwai SafeSearch da ke tace hotunan banza daga sakamakon bincike, akwai Family Link da ke ba uba ko uwa ikon iyakance abin da yaro zai buɗe. A kunna su, kuma a gaya wa yaron an kunna da dalilin kunnawar, domin tarbiyya da magana take kama zuciya.

Kafin ku kwanta yau, ina roƙon kowa ya yi abu huɗu: ya share shafukan da ke turo masa sanarwa, ya tabbata asusun da ke wayarsa nasa ne kuma shi kaɗai ya san kalmarsa, ya kulle fuskar wayar, ya toshe kukis na baƙi. Wanda ya iya kuma ya zauna da mutum ɗaya da bai samu zuwa ba, musamman iyayenmu mata da dattawa, ya nuna masa a kan wayarsa, ya bar shi ya taɓa da yatsansa har ya iya.

 Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, ya faɗi irin wayarsa da burauzar da yake amfani da ita, don amsar ta zo daidai da abin da ke hannunsa. Shugaba, in ka yarda, mu fara da ɓangaren mata.